Hawayen Zadok a Tashar Jimeta

Motar Maiduguri ta tashi da ɗan Keturah zuwa makaranta. Tana share hawaye, sai wata 'yar yarinya ta miƙa mata guntun rake.

Keturah ta dubi mai ƙosai a gefe. "Baiwar Allah, 'yarki ce wannan? Wa ya koya mata tausayi haka?"

"In tana kuka ba na tsawata mata, sai in tambaye ta abin da ya dame ta."

"Ni kuwa na hana Zadok kuka tun yana ƙarami. Ga shi ya tafi ido a bushe."

"Mai farar rigar nan? Ai ɗazu bayan rumfata ya ɓuya ya sha kukansa, wai kada ki gani hankalinki ya tashi."

Keturah ta fashe da dariya. "Ja'iri! Ashe ni yake lallaɓawa!"