Minsharin Maigida

A bencin asibiti wani mai aski ya ɓoye hannunsa da ke rawa, amma dattijuwar da ke gefensa ta riga ta gani.

"Ɗana, ƙwayar kwantar da hankali ka bari?"

"Rana ɗaya na watsar da ita, Inna. Sai fargabar ta dawo, har ta fi ta da. Ni da mutane ke gyangyaɗi ina musu aski, yau riƙe aska ya gagare ni."

"Ai ba a yaye ta da ƙarfi. Ni kaɗan-kaɗan likita yake rage min."

"Ba kya kewarta?"

"Ƙwayar? Sai da maigidana ya rasu na san ta. Shekara talatin ina masa mitar minshari, ashe shi ne maganin barcina."