Tangaɗin da Ba na Burukutu Ba

Ina gaishe ku da sunan Yesu mai raya mutum. Ni ce Saratu mai kifi, wadda kuka ajiye a bencin baya.

Kun san kafin a yi mini baftisma burukutu nake dafawa, ɗanɗanon ma yakan wuce kima. Na bari da daɗewa, na koma sayar da banda.

Da damina ana sauke kaya daga motar Baga, sai wani kwandon kifi ya suɓuce ya faɗo mini a ka. Ba jini, ba ƙulu, na kaɗe ɗankwali na ci gaba da ciniki. Bayan 'yan makonni sai ciwon kai, ga tangaɗi, ga harshe ya yi nauyi. Wata Lahadi a coci na tashi kai baiko, na zube a jikin matar fasto.

Shi ke nan, aka ce Saratu ta koma ruwa. Baba Yakubu, dattijon ikilisiya, har da shinshina bakina. Ya ce, "'Yata, ban ji wari ba, amma tafiyar nan na san ta." Aka sa ni a horo, aka mai da ni bencin baya, aka hana ni gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji. Wannan ya fi ciwon kan yi mini zafi. Na so in kare kaina, harshe ya ƙi. A bencin nan na roƙa a zuci, "Yesu, ka san ban sha ba, faɗa musu da kanka."

Sai hannuna na dama ya mutu. Baba Yakubu ya ce giya ba ta kashe hannu ɗaya, shi da kansa ya kai ni asibiti. Likita ya tambaya ko na taɓa buguwa a ka, mijina ya tuna da kwandon. Ashe wata 'yar jijiya ce ta tsinke, jini yana tsiyaya a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai, yana danne ƙwaƙwalwa. Aka aske ni, aka huda ƙashin wuri biyu, jini ya fito baƙi ƙirin. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai gawa.

Da na farka, ga tsohon nan yana hawaye yana neman gafara. Na ce, "Baba, za a sake shinshinawa ne?" Maganata ta fito tar, muka yi ta dariya.

Na gode wa Yesu, haleluya! Ku dogara gare shi, kuma wanda ya bugu a ka ya fara tangaɗi, ku kai shi wurin likita tukuna. Yau Baba Yakubu ne ya miƙo mini ƙoƙon jibi, na kuwa karɓa da hannun nan da ya mutu.