Ta Ƙi Faɗin Sunana a Ofis

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sani ne daga Gummi.

Bara na tai ziyara wurin kawuna a Nijar, can anka ɗaura mini aure da Hadiza. Da munka dawo na shiga nema mata takardar izinin zama, sau huɗu muna zuwa birni. Ran da layi ya kawo kanmu, ma'aikacin ya tambaye ta sunan mijinta. Ta rufe fuska da mayafi, don a gidansu mace ba ta faɗin sunan miji. Ya ce bai yarda da auren ba, mu dawo.

Wallahi na gaji. Jama'a, ku ba ni shawara: kunyar da na auro ta dominta, ita zan ce ta aje bakin ƙofa?