Ranar da Yaya Bala Ya Rungumo Kwamfutarsa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sanusi, daga Aliero.

Sana'ata tura wa manoma da makiyaya karatu da wa'azi a memorin waya. Memori kuwa yawo yake hannu zuwa hannu, kullum kwamfutata cikin kamuwa da bairos take. Da na gaji, na sa aka cire tsarin sarrafa kwamfuta da kowa ya saba da shi, aka ɗora mini wani mai suna Linuks, wanda bairos bai cika kama shi ba.

Yayana Bala, da sana'armu ɗaya kuma shagonsa ke jikin nawa, ya yi ta dariya: "Sanusi, ka jawo wa kanka wahala." Gaskiya na sha wuya da farko, har firinta ta ƙi aiki. Tsarin nasa ya fi sauƙin sarrafawa, ban musa ba.

Ranar kasuwa, ana tsakiyar cinikin albasa, wani memori mai bairos ya shiga kwamfutarsa, karatunsa kaf ya ɓace. Memorin nan aka kawo mini, na tura lafiya lau. Layin masu turi ya dawo shagona!

Bayan la'asar sai ga Yaya rungume da kwamfutarsa: "To, ɗora mini irin naka."

Don Allah a gaishe mini da Yaya Bala, na san yana saurare. A tambaye shi, wa ya jawo wa kansa wahala?