Yadda Na Zama Kofi Mai Ƙarfi

Tunkiyar Inna aka sayar aka yi mini kuɗin mota. Ta ƙulle su a bakin zane ta ce, "Idi, in ka isa Kumasi kada ka zubar mana da suna." Ku daina dariya, lokacin ƙirjina ya yi faɗin ƙofar nan, ba wannan ƙashin da kuke gani ba.

Na sauka a Dichemso, gidan wata Hajiya Azumi, haifaffiyar Zango, unguwar Hausawa. Hausarta ba mace ba namiji. Sai ta ce, "Matan nan ya zo, ya ce kai ka sha masa koko." Na ce, "Hajiya, wa ya zo?" Ta ce, "Kai baƙauye, Hausa ma sai an koya maka?" Ni ɗan Ƙonni!

Aikina dakon katako a unguwar Anloga. Ran nan ina ɗauke da katakai huɗu sai ga mota ta tsaya, Bature a ciki da akawunsa, wani Ba'ashante mai suna Owusu. Baturen ya zagaya ni kamar mai tayin sa. Owusu ya ce za a yi adibatais da ni.

"Adi me?"

"Talla. Hoto kawai."

"To ku ce talla mana, sai kun karya wa mutum haƙori?"

Wani ruwan ƙarin ƙarfi suke kawowa daga Ingila, tonik suke ce masa. Na kurɓa sau ɗaya, kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa. Aka tuɓe mini riga, aka shafe ni da man ja, aka yafa mini kente, zanen Ashantawa, aka ɗora mini buhun koko, irin na cakulan, a hannu ɗaya. Koko ina! Dusar katako ce. Baturen yana ta "Simayil, simayil," ni kuwa ina cewa ba Isma'ila ba ne, Idi ne. Ashe washe baki yake so.

Bayan wata biyu sai ga ni a Sofoline, bakin hanyar Sunyani, a jikin allon talla, na fi bene tsawo. Owusu ya karanta mini: Kofi, ɗan Gana na gaske, tonik ne sirrinsa. Ni da tuwon gero ya gina! Hajiya Azumi ta je ta gani, ta dawo ta ƙara mini kuɗin ɗaki.

"Hajiya, sau ɗaya fa aka sallame ni!"

"Mutum yana sama haka, ya ce ba shi da kuɗi?"

Liman kuma ya kira ni a kan fitar da ƙirji a bainar jama'a. Na ce Malam, Kofi ne, ba ni ba.

Ana haka gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita cikin mako biyu. Zango ta rikice. Mutanen da aka haifi kakanninsu a can suna sayar da gado da tukwane a bakin titi. Ni tsoro ya kama ni sosai, don ban tara komai ba. Ɗan sanda ya tare ni a Sofoline, daidai gindin allon. Na nuna sama na ce, "Masta, karanta. Ɗan Gana na gaske." Ya dubi allon, ya dube ni, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Wancan kamfani ya biya masa lasin, zai zauna. Kai kuwa, mota."

Kwana tara muka yi a hanya, cikin babbar mota, da mata da jarirai. Na iso Ƙonni a rame, da tabarma da buta.

Na yi sallama, Inna ta fito ta tsaya tana kallona. Ta koma ɗaki ta ɗauko kwalbar tonik. 'Yan fasa-ƙwauri sun shigo da ita ta Illela. Ga ni a jiki, haƙora waje, amma an zana mini jar dara, an ce sunana Audu na Ikko. Ta ce wata uku tana sha don ta ga fuskata, duk ɗacinsa.

Ta dubi kwalbar, ta dubi haƙarƙarina, ta kwance murfin ta miƙo mini.

"Shanye. Kai ka fi ni bukata."