Turaren Usta Munzir a Bakin Bututu

Asabar. Aikin farko: ɗauko kujeru da tabarmi, a kai harabar ƙungiya. Bayan la'asar, jawabi. Ga shi yadda na karanta, don waɗanda suka ce a tura musu.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Malam liman, shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan unguwar Arba wa Nus a nan Alƙahira, Alhaji Gidaɗo, iyayenmu maza da mata, wakilan ɗalibai da suka zo daga unguwar Darrasa, 'yan'uwa da suka sha cunkoson ƙananan bas na haya, wato mikrobas, tun daga unguwar Faisal, Ummu Tagwa, wato Bakhita matar marigayi, da 'yarmu Tagwa: assalamu alaikum.

Ni Harun ne, maƙwabcin garejin marigayi. Ban iya jawabi ba. Na rubuta wannan na yayyaga, na sake rubutawa, har yanzu ban tabbata ni ya dace in tsaya nan ba. Alhaji ya ce in faɗi alherin Usta Munzir, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a nan, in zauna. Zan faɗa, Alhaji, amma ka yi mini afuwa, ba zan zauna da wuri ba. Tun ranar da aka tsinci gawarsa a cikin motarsa ake yawo da magana cewa shi ya kashe kansa. Ba baƙi suka ƙirƙiro ta ba. Mu ne. A wayoyinmu ta zaga, a bakin shagunanmu aka tauna ta. Sunan mutumin nan na zo wankewa, kuma raina a ɓace yake.

Ya kasance bakanike, kowa ya sani. Ya kasance mai tsohuwar motar nan shuɗiya da muke kira Hajja, wadda wasu Turawa masu yawon buɗe ido suka yar a hanya ya saye ta ba ta ko tashi. A cikinta akwai gado da kabad da wurin wanke hannu. Da farko dariya muka yi masa, muka ce ya sayo ɗaki mai taya. Sai ga shi gadon nan ya zama namu duka. Ya kasance idan naƙuda ta kama mace, Hajja ce a ƙofar gida. Idan ɗalibi ya kwanta ciwo a Darrasa ba shi da kowa, Hajja ce. Idan aka yi mutuwa, ita ke kai mu maƙabarta. Ku dubi na kusa da ku, da wuya a ce bai taɓa kwanciya a gadon nan ba, ko shi ko wani nasa.

Ya kasance mai taurin kai, wannan ma gaskiya ce. Idan abu ya tsaya masa a rai ba ya jin kira.

Abin da ya tsaya masa a rai bana shi ne sanyi. Inna Fadimatu, ga ta can zaune a gaba, shi ke kai ta wankin ƙoda ya dawo da ita. Kun san sanyin Alƙahira, mai shiga ƙashi. Idan ta fito daga asibiti jikinta rawa yake yi, bargo biyu ba sa tsayar da shi. Wata rana ta ce masa, "Ɗan nan, motarka firji ce ko mota? Kai kana gaba kana shan ɗumi, ni ina baya kamar kifin kasuwa."

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Inna. Ki ba ni lokaci, sai kin roƙe ni in buɗe taga."

Ta ce, "In ina da rai."

Ku yi haƙuri in bayyana yadda ɗumin motar yake, don duk maganar a nan take. Injin Hajja a baya yake, kuma ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce. Saboda haka ba ta da hita irin ta motocin yanzu. Akwai wasu gwangwanaye biyu da suka rufe bututun salansa. Iska mai tsabta tana bi ta cikinsu ta ɗebi zafin ƙarfen, sannan ta bi wani dogon bututu ta ƙarƙashin mota har gaba. Kafin ta isa ta huce, ɗan abin da ya rage kuma ƙafar direba yake samu. Munzir ya naɗe dogon bututun don kada zafi ya tsere. Ya sa ƙaramar fanka mai tura iska. Ya yanka bututun a tsakiya ya fitar da reshe zuwa ƙarshen gado, daidai inda ƙafar mara lafiya take.

Amma iska ba a ganinta. Ta ina zai san inda take bi da inda take zuba? Sai ya riƙa ɗauko kaskon turaren matarsa. Yakan ajiye shi a bakin da iska ke shiga, ya tayar da inji, ya bi hayaƙin turaren da ido. Inda ya ga yana tsiyaya a mahaɗa, ya toshe. Ummu Tagwa, kin sha biyo shi har gareji kina faɗa.

"Munzir, bahur ɗina, turaren sandal, ka mayar kayan aiki? Na bikin mutane ne fa!"

Shi kuma ya ce, "Ai Hajja ma mace ce, a bar ta ta yi ƙamshi."

Ni kaina ya sha mayar da ni mara lafiya. Yakan leƙo shagona ya ce, "Yalla, taso, Malam Harun, zo ka yi ciwo."

In ce, "Usta, ina da masu ciniki."

Ya ce, "Ya zol, mutumina, mutum biyu ne, kuma hira suka zo. Cire takalmi. Mara lafiya ba ya hawa gado da takalmi." Sai in kwanta, ya rufe tagogi don kada iskar waje ta ruɗe mu, ya tsaya a kaina. "Ya ƙafa?"

"Ta dama tamam. Ta hagu tana Siberiya."

"To ta hagu ta yi haƙuri, gobe za mu dawo da ita."

Yanzu ku saurari abin da aka faɗa a kansa. Aka ce ya kunna turare. Aka ce ya rufe tagogi, ya tuɓe takalmi ya jera su, ya miƙe a gado inji yana aiki. Aka ce wanda ya yi haka ai ya shirya tafiya ne. Jama'a, wane shiri? Aikinsa yake yi! Ranar da abin ya faru, da safe na tafi sarin kaya, bai sami wanda zai kwantar ba, sai ya kwanta da kansa don ya ji da ƙafarsa abin da Inna Fadimatu za ta ji.

Bayan rasuwar mun kira mai walda, ya buɗe gwangwanin hagu a gaban Alhaji Gidaɗo da ni. Tsatsa ta huda salansar daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ta nan hayaƙin inji ya shiga iskar ɗumi, sabuwar fankar kuma ta tura shi kai tsaye kan gado. Munzir yakan ce hancinsa ne ma'auninsa, da ya ji warin salansa yake kashe inji. Ranar ƙamshin sandal ya cika motar, bai ji komai ba. Likita ya gaya mana irin wannan guba barci take sa mutum. Ina ta juya abin a raina, ina tambayar kaina ko akwai wani bayanin da na kasa gani. Ban samu ba. Ƙarfen yana nan a ofishin ƙungiya, duk mai shakka ya je ya sa yatsa a ramin.

Wa ya je ya duba kafin ya tura saƙo? Wa ya taka zuwa gareji ya tambaye ni, ko ya tambayi matarsa? Babu. Muka zauna muna muhawara a waya ko ya halatta a yi masa salla. Mutumin da ya ɗauki gawawwakinmu shekara da shekaru, ranar tasa sahu ɗaya bai cika ba. Sai motar haya muka nemo ta kai shi. Wasu mata suka zo gaisuwa suka tsaya a bakin ƙofa, aka kawo musu shayi suka ƙi sha. Inna Fadimatu da ba ta iya tsayuwa, ita aka riƙo ta hau bene ta zauna da Bakhita har yamma. Masu ƙafa lafiya fa, ina kuka shiga?

Ban zo kama sunan kowa ba. Amma 'ya'yanmu sun ji abin da muke faɗa a gida, sun kai shi makaranta. Tagwa ta daina zuwa. Shekaranjiya ta same ni a shago, ta tsaya tana wasa da bakin mayafinta, ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, "Ammu Harun, wai da gaske Baba yana wuta?"

Yarinya ce ƙarama, mu muka ɗora mata wannan.

Tagwa, ɗago kanki ki dube ni, ga amsarki a gaban kowa. Babanki bai kashe kansa ba. Ya rasu yana neman yadda ƙafar tsohuwa mara lafiya za ta yi ɗumi. Makomar kowa tana hannun Allah, amma a kan abin da muka gani da idonmu, shaidar alheri muke yi masa. Malam liman yana nan, shugaba yana nan, in na yi ƙarya su tsayar da ni.

Ummu Tagwa, ba ki yi laifin komai ba, turarenki ma bai yi ba. Mu muka yi miki laifi. Ba zan ce ki yafe yau ba, wannan naki ne.

Ku kuma 'yan'uwa, kada kowa ya zo ya ce mini jawabi ya yi kyau. Duk wanda ya tura waccan magana, ya tura wannan ga mutanen da ya tura wa, da sunansa. Ya zaunar da 'ya'yansa ya ce musu ya yi kuskure. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu je kabarinsa mu yi masa addu'a, Malam ya amince zai ja mu. Halas, iyakar abin da nake roƙo ke nan.

Na gode wa Alhaji da ya bar ni na wuce lokacina, na gode wa duk wanda ya zauna bai tashi ba. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Munzir, Ka yalwata kabarinsa, Ka karɓi aikin da ya rasu a kansa. Ka tsaya wa Bakhita da Tagwa. Ka shirya harsunanmu, Ka hana mu cin naman wanda ba ya iya kare kansa. Amin.

Gobe:
Mayar da kujeru, ɗaya ta karye.
Neman mikrobas biyu na Juma'a. Ko uku, ban sani ba ko za su zo.
A cire wa Hajja batir, kada wani ya tayar da ita kafin a yi walda.
Goge riga. Tagwa ta ce za ta koma makaranta idan na raka ta har cikin aji.