Bangon Fo Selom na Allunan da Suka Ƙone

Togbi mai unguwa, barka da zama. Fasto da dattawan coci, ina gaishe ku. Da Mawusi, yayar marigayi, da dukkan dangin Agbenu, na nan Lome da waɗanda suka taso daga Kpalime, sannunku da hanya, sannunmu da rashi. Yayra, 'yar marigayi tilo, ke na bari ƙarshe, don yawancin maganata taki ce.

Sunana Kafui, mai kiwon kaji a bayan kasuwar Adidogome. 'Yan ɗakin Asabar ne suka tura ni, mu bakwai da muke taruwa wurin marigayi, yayanmu Fo Selom. Sun zaɓe ni ne don na fi kowa ɓarna. Alluna shida na ƙona a ɗakin nan, har yau ba wanda ya kamo ni.

Na duba rumfar nan na ga kowa cikin kayan makoki ja da baƙi. Da Fo Selom yana nan, da ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba ko wani ya juya su, don a wurinsa jar waya da baƙar waya kowace da gurbinta.

Mun ji dangi sun yanke cewa jibi Litinin masu sayen tsohon ƙarfe za su kwashe ɗakin, kuma makulli yanzu yana hannun Yayra. Ba jayayya ta kawo mu ba. So muke ku san abin da ke ciki kafin a loda shi a amalanke.

Fo Selom ya kasance mai gyaran rediyo shekara talatin. Da mutane suka daina kawo gyara, sai ya koma kan 'yan allunan lantarkin nan masu ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su kai tafin hannu ba. Ka koya wa allo ya kunna fanka in zafi ya yi, ya kashe in an yi sanyi. Tankin ruwan unguwa da ya daina ambaliya, aikinsa ne. Ƙararrawar cocin nan da take bugawa kan lokaci ko mai gadi ya makara, aikinsa ce.

Ya kasance mai buɗe ƙofa ga waɗanda gida ya yi wa faɗi. Ni shekarar da mijina ya rasu na je. Yara sun watse, sai ni da kaji, har na fara ba su labari suna karkata kai. Na ce masa ina son akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai kula da zafinsa da kansa. Ya ba ni allo, ya nuna mini, ya juya zai sha ruwa. Ni kuwa da gaggawata na sa ja a gurbin baƙi, na jona wuta. Wani siririn hayaƙi ya tashi.

Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Da Kafui, 'yar'uwa, kin ji ƙamshi?"

Na ce, "Fo, wari dai."

Ya ce, "Ƙamshi ne. Yau kika shiga makaranta. Ɗauko guduma."

Ƙa'idar ɗakin ke nan. Duk wanda ya ƙona allo, shi zai kafe shi a bango da ƙusa, ya rataya takarda da sunansa da kuskurensa, da rubutun hannunsa. Ba a rubuta cewa allon ne ba shi da kyau. Ku shiga ku karanta. Wani ya canja waya alhali wuta na ciki. Wata ta ɗaura injin fanka kai tsaye a ƙafar allo. Wani ya bar guntun waya tsirara ya taɓa maƙwabcinsa.

Papa Dotse, ga shi can yana sunkuyar da kai, tsohon direban tashar jiragen ruwa, ya ɗauko batirin mota mai ƙarfin sha biyu ya jona a ƙafar da ba ta ɗaukar fiye da biyar. Da ya ƙone sai ya rubuta, "Allon rago ne."

Fo Selom ya ce, "Tsoho, sake."

"Ni da na ja tirela shekara arba'in, wannan ɗan ƙwaron zai sa in yi ƙarya?"

"Ba ƙarya na ce ka rubuta ba. Me ka yi masa?"

Sai a karo na uku Papa Dotse ya rubuta, "Na ɗura wa jariri tuwon akume." Ranar mun yi dariya har da hawaye.

Fo Selom ya kasance ba ya faɗa. Shekarata tara a ɗakin nan ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a kaina, ni da waliyyi ma sai ya gaji da ni.

Yanzu bari in rataya tamu takardar. Muna zuwa ranar Asabar ƙarfe tara, mu tashi da azahar, kowa ya tafi da abin da ya koya. Babu wani a cikinmu da ya taɓa tambayar me Fo Selom yake ci ranar Litinin, ko da wa yake magana ranar Alhamis. Ya yanke jiki ya faɗi ranar Talata. Mu muka same shi, ranar Asabar, ƙarfe tara. Mutumin da ya fid da mu daga kaɗaici, mun bar shi cikin nasa, kuma ina jin kunyar wannan fiye da yadda zan iya faɗa.

Yayra, 'yata, ki gafarce ni da zan yi maganar nan a gaban jama'a. Sau biyu na zo gida, aka ce ba kya ganin kowa.

Papa Dotse yana wurin ranar da abin ya faru, shekara goma sha huɗu ke nan. Kina da shekara goma sha tara. Babanki ya yi wata uku yana jiran allonsa na farko, ya iso, kika ce ke za ki haɗa. Kika juya waya biyu. Ya yi miki ihu a gaban mutane, ya ce hannunki ba na wannan aiki ba ne. Ba ki sake taka ɗakin ba, shekara na zagayowa kika tafi Abijan.

Ranar Laraba Da Mawusi ta buɗe mana mu ɗebi kayan aikinmu. Can sama, a kusurwa, akwai allo ɗaya da takardarsa ke kallon bango. Ni da shisshigina na hau kujera na juya ta. Rubutunsa ne. Ga abin da ya ce: "Selom Agbenu. Allon Yayra ne. Ta juya waya biyu, abin da kowa yake yi. Ni na yi mata ihu."

Takardar ba ɗaya ba ce. Goma sha huɗu na ƙirga a ƙusar, wata kan wata. In tawada ta koɗe sai ya sake rubutawa.

Ba zan wanke shi don ya mutu ba. Mutumin da ya koya wa unguwa guda faɗin kuskurenta ya kasa ɗaga waya ya faɗi nasa. Ya gaya wa bango, ke kuwa kina can kina zaton ya manta. Laifinsa ne, kuma da yana raye da na gaya masa ido da ido.

Ba mu ce ki yafe ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Ba mu ce ki bar mana ɗakin ba, ko da yake in aka rufe shi ban san inda mu bakwai za mu nufa ba. Abu ɗaya muke roƙo. Kafin Litinin ki shiga ke kaɗai, ki cire ƙusar nan da hannunki. Saƙonki ne, ya makara, amma kada ya tafi a amalanke.

Togbi, Fasto, dangi da maƙwabta, mun gode da kuka saurare mu. Allah ya karɓi bawansa Selom, ya gafarta masa abin da ya faɗa da abin da ya kasa faɗa. Allah ya ba Da Mawusi haƙuri. Allah ya gafarta mana mu bakwai. Ita kuma Yayra, ya Ubangiji, in ta tsaya a bakin ƙofar nan, ka riƙe mata hannu har makullin ya juya.

Amin.